Kindirmo Ba Ya Wanke Dalma

Tuƙin tarakta ne sana'ata. Da ita na ci, da ita na aurar da 'ya'ya. In damina ta matso nakan fita daga Gabukka in bi gonakin mutane ina yi musu huɗa, sai an gama shuka gida ke ganina sosai.

Tarakta tana cin batir. Ga rami, ga jijjiga, ga rana. Mai arhar nan da ake buɗe wa baki a ƙara ruwa, damina ɗaya yake yi mini. In ya mutu ba na neman inda zan kai shi, don ina da ƙane.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma mu biyu muka rage. Aikinsa fasa mataccen batir, a bayan gidansa, bakin kwari. Ya sa gatari ya tsaga, ya tuntsurar da ruwan a ƙasa, ya zaro farantan ciki ya narka a tsohuwar tukunyar ƙarfe. Dalmar ta daskare a gwangwani, masu saye su zo su auna. Ni da sauran direbobi duk wurinsa muke kai namu. A ganinmu zumunci ne.

Inda yake zubar da ruwan ko ciyawa ba ta fita. Zogalen matarsa a tsaye ya bushe. In an yi ruwan sama, komai ya bi kwari ya gangara inda mata ke wanki.

Masu wannan aiki suna da al'ada. In an sauke tukunya sai a sha kindirmo, wai yana wanke hayaƙin da aka shaƙa. Mai nono ta san lokacin, ba sai an kira ta ba. Da hannun da ya gama fasa batir yake ɗaga ƙwaryar.

"Hamma, zo ka sha," yakan ce mini. "Kai da kake wuni cikin hayaƙin tarakta ai ka fi ni buƙata."

"Ni nawa a baya nake barinsa. Kai naka hanci kake tara masa."

"Tun muna yara tsoro gare ka."

Da ciki abin ya fara. Ya murɗa masa har ya durƙusa. Aka ce shawara ce, aka jiƙa sassaƙe. Sai mantuwa, sai faɗa da matarsa a kan abin da bai kai ba. Ranar da gatari ya suɓuce masa, wuyan hannunsa na dama ya saki ya ƙi ɗaguwa, na sa shi a babur na kai shi asibiti.

Likitan ya ɗaga masa leɓe ya duba dasashi. Ni ma na ga wani baƙin layi a gindin haƙora. Ya tambayi sana'arsa, aka ɗibi jini. Da muka koma ya ce dalma ce a jikinsa.

Ƙanina ya ce, "Likita, kullum fa sai na sha nono."

"Malam, ko garke guda za a tatsar maka, nono ba ya fitar da ita. Ka bar aikin. Kuma a kawo yaran gidan a duba su."

Ya sha magani, ya ɗan kwanta. Da ya ji sauƙi ya koma bakin kwari, yana fasawa da hagu. Na yi masa magana, ya ce, "In na bari me za mu ci? Ƙasa?"

A shekarar batirina ya mutu ana gab da fara huɗa. Na tafi Kasuwar Gombe. Mai shago ya jawo mini irin wanda na saba, na ce ya nuna mini wanda zai daɗe. Ya sauko da wani rufaffe, ba a buɗe shi, ba a ƙara masa ruwa. Ya ce yana jure jijjiga.

"Ka kawo tsohon, Malam. Tarawa muke, mota ta kai kamfanin da ke narkawa a killace, ba a zubar da ruwan a ƙasa."

"Ka gani da idonka?"

"Ban gani ba. Haka suka faɗa mana."

Ban so amsar ba, amma bai yi mini ƙarya ba. Ko ma ina za su kai shi, ba cikin hancin ƙanina ba ne. Rufaffen ya fi tsada. Na saya. Na koma gida na ɗaure tsohon a bayan babur. Hanyar kasuwa ta ƙofar gidansa ta bi, kuma yana zaune a waje. Ban tsaya ba.

Washegari ya same ni ina gyaran garma.

"Hamma, na ga ka wuce da kaya."

"Kasuwa na kai."

"Bare ya fi ni ke nan."

"Ba zan ƙara kawo maka ba. Ka zo ka riƙa bina gona, zan koya maka tuƙi."

Ya ɗago hannun nan da ya saki, yana reto a gabana.

"Da wannan?"

Ya juya ya tafi.

Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya na roƙe su. Kaɗan suka ji. Sauran suka ce ba za su toshe wa ɗan'uwa bakin abinci ba, har wani ya ce ni ne mara zumunci. Yaran ma matarsa ce ta kai su asibiti, ba shi ba. In na girbe masara nakan aika mata da buhu. Ba ya mayarwa, ba ya godiya.

Batirin nan har yau yana tayar da tarakta. Hayaƙi ma har yau yana tashi a bakin kwari. Kwanan baya na wuce, na tarar an sauke tukunya, mai nono tana tsugune. Da hannu biyu yake tallafe ƙwaryar yanzu, kindirmon na zuba a rigarsa. Ya gan ni. Bai ce in zo in sha ba.