Lambun Inna da Ya Faɗa Ƙasar Faransa

Malam Edita, daidai lokacin da ladan ya fara kiran la'asar, ranar wata kasuwar Jibiya, maƙwabciyarmu ta faɗo gidanmu ba sallama. Ta ce sojojin Faransa sun kama maza a fadama, kuma an ga Baba ya nufi can tun da hantsi. Daga nan al'amarin gidanmu ya fara lalacewa. A lokacin ni budurwa ce marar magana, ban san komai ba sai allo da littafi. Na sauke Alƙur'ani, ina karatun littattafai wurin wani tsohon malami a unguwarmu tare da 'ya'yansa mata. In na kwafi shafi na ga ɗigo ya karkace sai na sake shi gaba ɗaya, amma in aka ce in buɗe baki gaban manya sai gumi ya keto mini.

Inna ta rasu farkon sanyin wannan shekara. Ta bar lambu a bakin gulbi wanda ta gada daga uwarta, mai fangalolin albasa da barkono da gauta, da rijiya mai jigon jan ruwa. Sa'ad da Turawan Ingila da na Faransa suka raba ƙasa suka kakkafa turakunsu a daji, gidanmu ya faɗa ɓangaren Ingila, lambun ya faɗa na Faransa. Ba wanda ya damu, don mata sun ci gaba da wuce turakun da kwanduna a ka kamar yadda suka saba. Baba kuwa marini ne. Tsawon zamansa da Inna ban taɓa ganin ya taka lambun nan ba, cewa yake yi laka ba aikin mai sana'a ba ce. Amma ana share makoki sai ya rufe marina, ya ɗauki fartanyarta ya tafi. Kullum sai ya je. Abokansa suna yi masa ba'a, wai shuni ya wanke daga hannunsa taɓo ya hau, wai tun ba a yi arba'in ba ya yi sabuwar amarya, sunanta jigo. Masu ɗebo itace kuma suka fara kawo labari cewa suna jin shi yana magana shi kaɗai a tsakiyar fangali.

Ranar da sojojin suka kama mazan nan, sai bayan magariba Baba ya shigo, rigarsa sharkaf, ƙafafunsa duk yankan ciyawa. Ashe a cikin ruwa ya ɓuya har suka wuce. Waɗanda aka kama an kora su Maraɗi aikin dole, aka ce ba a san ranar dawowarsu ba. Na ajiye masa tuwo na koma ɗaki. Da gari ya waye na ji ƙarar fartanya a zaure. Ya sake tafiya.

Mai karatu zai ce me ya hana ni yi masa magana. Ni 'yar fari ce, kuma ni kaɗai na rayu a cikin 'ya'yansu. Tun tasowata Baba bai taɓa kiran sunana ba, yarinyar nan yake cewa, kuma in mun haɗu a tsakar gida kowa ƙasa yake duba. Duk abin da ke tsakaninmu ta bakin Inna yake bi, bayan ta rasu ya koma ta bakin Goggo, yayarsa. Ga Goggo ta tafi Mazanya jegon 'yarta. Na kwana biyu ina shirya magana a zuciyata, in na ji takunsa sai ta watse. Daga ƙarshe na tsaya bayan karatu na gaya wa Malam. Da na tsaya kan maganar sojoji da sauƙi. Amma don in ƙara wa maganata nauyi sai na haɗa da abin da masu itace ke faɗi, na ce ina tsoron baƙin cikin Baba ya wuce abin da aka halatta wa Musulmi. Har wurin da na karanta a littafi na nuna masa.

Na ɗauka zai kira shi gefe. Ranar Juma'a bayan an fito, a ƙofar masallaci, gaban 'yan marina da mutanen unguwa, Malam ya tsayar da shi. Ɗiyar Malam ce ta kawo mini yadda aka yi. Ya tambaye shi ko ya fi Allah son matar ne, ko kuwa gawa ce ke ba shi amsa a cikin albasa. Ya ce abin ya kai har na cikin gidansa sun kawo kuka. Wani daga baya ya ce a bar shi, amarya jigo ce ba ta gaji da shi ba, aka yi dariya. Baba ya durƙusa ya ce ya ji, Allah ya gafarta Malam, ba zai ƙara zuwa ba.

Bai ƙara zuwa ba kuwa. Na yi murna, na ce na tsamo ubana daga hannun Faransa. Amma marinar ma bai koma ba. Sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna yana fuskantar arewa. Na dama fura ta kwana a ƙwarya, na yi miyar kuka yadda Inna ke yi ya taɓa ya ture. Zafin bazara ya shigo, matan da ke ƙetarawa suka ce lambun ya ƙone ƙurmus, awaki sun ƙarasa abin da rana ta bari. A gabansa suka faɗa, bai ko ɗaga kai ba. Da Goggo ta dawo ta ga yadda ya rame, ta ji abin da na yi, ta ce mini 'yar nan, karatun naki bai koya miki jiran babba ba ne? Wani ɗan'uwa ya ba shi fili a fadamar Daddara, a ɓangarenmu, ya ce ya gode, amma bai je ya gani ba. Ruwan farko na sauka zazzaɓi ya kwantar da shi, kuma bai ga kakar wannan shekara ba.

Na san ajali na Allah ne, kuma da ya ci gaba da zuwa wataƙila da an kama shi. Na sha gaya wa kaina haka, har yanzu da na tsufa, amma bai taɓa sanyaya mini rai ba. Abin da nake roƙon masu karatu, musamman yara masu ilimi, shi ne in kun ga wanda aka yi wa rashi ya manne wa wani abu, gona ce ko tsohuwar tabarma, kada ku yi gaggawar yanke masa hukunci da abin da kuka karanta jiya. Ku tambaye shi tukuna. Kunya abu ne mai kyau, amma maganar da ka kasa faɗa wa naka, in ka ɗora ta a bakin wani, ba kai ke da ita ba kuma. Shi zai zaɓi wuri, shi zai zaɓi murya.

Ni sai da ya kwanta na iya tambayarsa. Wata safiya Goggo ta fita, na durƙusa daga bakin ƙofa, na juya masa gefe, na ce Baba ni ce na kai ƙara, ya yafe mini, kuma ya gaya mini abin da ke kai shi lambun nan har ya fi ransa. Sai ya ce tun a ƙofar masallaci ya san ni ce, kuma ya yafe tun ranar. Ya ce maganar da ake ji yana yi, karatun Alƙur'ani ne yake yi wa uwata yana jan ruwa. Ya ce a ciwonta na ƙarshe ta roƙe shi abu guda, ya shayar da albasar da ta dasa don iri har kawunanta su bushe, ya karkaɗe, ya zuba a gora da toka, ya ajiye mini in tafi da shi ɗakin mijina, yadda uwarta ta ba ta, ita ma uwarta ta ba ta. Ya ce ranar da Malam ya tsayar da shi, furen ya riga ya fara ƙulla 'ya'ya. Ya so ya gaya mini, amma bai san yadda uba ke yi wa 'yar fari maganar ɗakin mijinta ba.