Kwanson Kasuwar Makarfi

Har yau idan na ga kwanson harsashi sai raina ya ɓaci.

Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba birai suka sa gonarmu ta Kurmin Kogi a gaba. Mahaifina ya rasu ya bar min uwa da ƙanne da bindiga mai baki ɗaya, kuma dawar gonar nan ita ce abincinmu na shekara. Sabon harsashi ya fi ƙarfina, saboda haka ɗuri nake yi da kaina. In samo kwanson tagulla da aka riga aka harba, in cusa masa hula a ramin gindi, wato ɗan ƙarfen da kunamar bindiga ke sara wuta ta tashi, in zuba albarushi da darma, in toshe da tsumma.

Mai sayar da kwanso a kasuwar Makarfi wani dattijo ne, abokin mahaifina. Da gwangwani yake aunawa kamar gyaɗa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi uwata, ya yi wa mamaci addu'a, ya cika gwangwani har da gyara.

"Ɗauki, ɗana. Ubanka bai taɓa duba kayana ba."

To ina zan zazzage kayan abokin ubana a gabansa in riƙa leƙa gindinsu?

Sai da na isa gida na ga ramukan iri biyu ne. Huluna ƙanana ne, na Zariya. 'Yan kaɗan suka zauna daram, sauran kuwa hular sai ta faɗa ciki tana lilo. Dawa ta riga ta fid da kai, ba halin jiran wata kasuwa. Na liƙe su da kakin zuma ina bismilla.

Masu kyan suka ƙare cikin 'yan kwanaki. Wata safiya garken birai ya sauko gaba ɗaya. Na auna babban, na ja kunama. Ƙyas! Na sake wani. Ƙyas! Ƙaton ya dube ni, ya karya kara, ya zauna yana ci. Da jifa da ihu na ƙare, ina hawayen takaici. Da suka gane bindigar ba ta magana, kullum sai sun dawo.

Na koma Makarfi zuciyata na tafasa, amma haka na sake durƙusawa.

"Baba, kwanson nan raminsu ya yi wa hulata yawa."

"Af, ai gauraye suke zuwa, kowa ya sani."

Ya ɗaga gefen tabarmarsa, ya jawo gwangwani cike da manyan huluna, ya ce in saya, zai yi min sauƙi saboda marigayi. Ashe tun ranar farko yana zaune a kansu, yana jiran in dawo.

Ban saya ba, babu sauran abin da zan tsare. Daminar da ta biyo, tafasa uwata ta riƙa dafa mana, kuma duk ranar kasuwa sai ta ce in na ga abokin babana in gaishe shi.