Bangon Yaya Rabi Bai Tsage Ba

Da daminar bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rabi, wadda bangon ɗakinta ya faɗo mata a Madadi, ta ƙasar Gwarzo. Allah Ya jiƙanta, Ya karɓi shahadarta. Duk shekarun nan addu'a nake yi mata tsakanina da Ubangijina, amma bana zuciyata ta ƙi kwanciya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gidan Yaya ginin ƙasa ne, irin wanda muka tashi a ciki. Da bazara ta kama, mijinta Malam Idi zai sa a kwaɓa ƙasa da busasshiyar ciyawa, a yaɓe bango, a gyara indararo. Ita ce mai zagayawa tana nuna inda ya tsage. Takan ce bango kamar jariri ne, ba ya faɗin ciwonsa, sai an duba shi.

Shekarar da za su aurar da ɗansu na fari, Malam Idi ya ce zai fitar da ita kunya. Ya kawo birkila aka shafe bangon ƙasar nan da siminti ciki da waje, aka bi shi da shuɗin fenti. Da na je, ta kama hannuna tana dariya. "Ke Binta, zo ki shafa ki ji. Ni da yaɓe har abada."

Daga nan aka daina yaɓe, aka daina dubawa. Me za a duba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa sumul yake. Ba mu san siminti ba ya kama ƙasa ba. Ruwa na bi ta sama yana tsiyaya tsakaninsu, ƙasar na jiƙewa a ɓoye, fenti na sheƙi a fili. Damina uku ya yi. Wata la'asar, ana ɗan yayyafi bayan an sha ruwa kwana da kwanaki, tana zaune tana tsince wake, ya kifo mata gaba ɗaya.

'Yar autarta Ummi ni na ɗauka na riƙe. Bara na aurar da ita a Kabo. Kwanan baya na je duba ta don ta samu juna biyu, sai na ga ɗakin nata da fenti mai kyau. Na faki idonta na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Ƙarar ƙwaryar da ba komai a cikinta na ji.

Na taɓa jin wani injiniya a rediyo yana bayanin ƙa'idojin gini: a ɗaga tushe da dutse, kada a toshe hanyar ruwa, kwano ya zarce bango, kada a lulluɓe ƙasa da siminti. Da aka tambaye shi ko ana hukunta wanda ya saɓa, sai ya nuna cewa a gidaje irin namu shawara ce, wanda ya ga dama ya bi. Ina ma Yaya na raye ta ji. Na san abin da za ta ce: yaɓen ma ai ba wanda ya taɓa sa mana doka, tsoro ne ya sa muke yi. Yanzu siminti ya cire mana tsoron, ba a kuma ba mu dokar ba.

Ranar da na ƙwanƙwasa bangon Ummi, na ajiye kunyar surukuta na sa aka kira mini mijin Ummi. Ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa har na gama yi masa maganar bangon.

"Inna, ai ba dole ba ne," in ji shi. "Duk unguwar nan haka aka yi. Kuma wanda kwanansa ya ƙare, ko a gidan bene yake sai ya tafi."

"Haka ne, Malam Nura. Amma raƙumi ma sai an ɗaure shi ake tawakkali."

Yaron kirki ne, bai yi mini musu ba. Ya ce in Allah Ya kai mu kaka zai sauke bangon. Kaka kuwa tana bayan ruwan Agusta. Na roƙe shi ya ba ni Ummi ta taho Gwarzo goyon ciki tun yanzu, ya ce lokaci bai yi ba, mutane za su ce wani abu ne ya faru. Na dawo gida ni kaɗai.

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, wato sai ya bi ta kan Kabo kafin ya iso mana. Da na ga gari ya haɗe, sai tuwo ya gagare ni tuƙawa, in zauna bakin murhu da carbi ina kiran wayar Ummi, in ce ta fito zaure. Wani lokacin ta yi dariya, irin dariyar uwarta sak.

Yaya ba ta bar gona ba, ba ta bar zinare ba. Ta bar mini yarinyar nan, ta bar mini hannun da ba ya wuce bango bai ƙwanƙwasa ba. Mai karatu, don Allah in ka ajiye jaridar nan, tashi ka ƙwanƙwasa naka. In ka ji ƙarar ƙwarya, kada ka jira doka, kada ka jira kaka. Fitar da iyalinka yau.