Ni Na Ce Ya Tafi Shuka, Ni Na Musanta

A shekarun da aka haɗe makarantun koyon sana'a na yankinmu, ni saurayi ne mai sabon aure, sirbeyan, wato mai lura da shiga da fitar ɗalibai, a wata 'yar makaranta ta Illela, lakwal kamar yadda muke cewa. Ina da baki, ina da son a ce ni ne, kuma ban taɓa sanin ni matsoraci ba ne sai da aka gwada ni. Na daɗe da wannan magana a ciki, yau na ga gara in rubuto muku ko na samu sauƙi.

Makarantu uku aka tattara wuri guda a Birnin Konni: tamu ta Illela mai koyar da kafinta da gini, ta Malbaza mai kanikanci, da ta Konni mai koyar da aikin buro, wato ofis. Aka turo mana darakta baƙo daga nesa, mutum mai agogo da doka. Sirbeyan kuwa mu uku ne, kuma kowa ya san ɗaya za a bari, sauran a tura su ƙauye. Ni ko na ɗanɗana Konni, matata ta saba da ruwan famfo, ban ga abin da zai mai da ni baya ba. Malaman gari suna mana ba'a wai da hauya muka zo lakwal, ni ma sai in taya su dariya don kada a ce ni baƙauye ne.

A Illela muna da al'ada. In ruwan shuka ya sauka, ɗalibi yakan gaya wa sirbeyan da baki, ya je gida ya yi shuka ya dawo, domin in danshi ya wuce ya wuce. Sabon darakta bai san da wannan ba. Ni ya kamata in gaya masa, amma kunya ta hana ni. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, wani ɗalibinmu ɗan wajen Tajaye, wanda ke shekarar ƙarshe a kafinta, ya same ni ya ce mahaifinsa bai dawo daga ci-rani ba, mahaifiyarsa ce kaɗai a gida, in bai je ba gonar za ta kwana bana. Na ce ya tafi, har na tsokane shi da kada ya manta da ni in wake ya nuna.

Washegari darakta ya zagaya azuzuwa ya ga gurbin yaron, ga egzame, wato jarrabawa, ya matso. Ya tara mu uku a buro ya tambayi wanda ya ba da izini, ya ce ko wane ne bai san aikinsa ba. Sauran biyun suka zuba mini ido. Na buɗe baki na ce ban san da fitarsa ba, har na ƙara da cewa dama yaran ƙauye haka suke. Wannan ƙarin ne ya fi cin raina, don ba wanda ya tambaye ni shi.

Da yaron ya dawo aka kira shi gaban darakta ina tsaye. Ya ce mushe, kamar yadda ɗalibai ke kirana, shi ne ya sallame shi, ya juyo ya dube ni yana jiran in gyaɗa kai. Na ce ban tuna ba. Bai yi gardama ba, ya sunkuyar da kai ya ce wataƙila shi ne bai ji daidai ba. Aka kore shi don ya zama darasi ga sauran. Mahaifiyarsa ta zo har gidana tana kirana ɗanta, tana roƙo in sa baki tunda ni nasu ne. Na ce mata abin ya fi ƙarfina, na bar ta ta tafi tana sa mini albarka. Ni aka bari a kujerar, darakta har ya yaba tsananina.

Bayan shekaru na je Malbaza sayen siminti zan gina gida, na sami yaron nan cikin masu lodin kamyo, wato manyan motoci, fari fat da ƙura. Shi ya fara gane ni. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, ya ce ba wanda zai ɗora buhunan mushe sai shi. Na so in nemi gafara, amma sai na biya kuɗina na tafi. Da na koma nemansa daga baya, aka ce ya tsallaka iyaka, ba wanda ya san inda ya nufa.

Abin da na koya shi ne, in aka haɗe wurare, ƙanana ne ke rasa mai yi musu magana, kuma sau da yawa nasu ne ke fara yin shiru. Duk wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane, in ya ba da izini da baki ya tsaya a kansa, ko da kujera za ta tafi. Ni na riƙe tawa har na yi ritaya, amma yau ina kwana cikin ɗakin da ya ɗauko simintinsa a ka, kuma ban ce masa ya yafe mini ba.