Dutsen Taimamar Kakata

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, malamanmu suka tafi yajin aiki, na tattaro na dawo gida Saji. Karatuna a kan burbushin halittun da suka ƙare ne, wato ƙasusuwan da suka daɗe a ƙasa har suka sandare. Duwatsunmu na Rano ba sa ajiye irin wannan, sai da aka kai mu can ƙasar Sakkwato, inda a da can teku ne, muka tono. Malaminmu ya ba ni aron guda in auna in zana kafin a koma: gaɓar ƙashin bayan wata dabbar ruwa mai kama da kada, girmanta ya kai dunƙulen hannu, ga santsi. Na ɗora ta a tagar ɗakina ina jira a tambaye ni. Ba wanda ya tambaya.

A lokacin an yi wa kakata aikin ido, likita ya hana ruwa ya taɓa fuskarta, don haka taimama take yi. Dutsenta na taimama ya ɓata, ƙanwata ta leƙa ɗakina ta ga wani mai kyau ta kai mata. Ni kuwa ina can ina yawon gidajen abokai a Kibiya, ban ma san ya bar taga ba. Sai da aka kwana biyu, wata la'asar na shiga gaishe ta, na tarar tana shafa tafukanta a kai.

Maimakon in karɓa in yi shiru, sai karatu ya motsa. Na ce, "Iya, kin san abin da ke hannunki? Ƙashin wata dabba ce da ta mutu tun ba a yi ɗan Adam ba."

Ta saki abin ya faɗi kan tabarma. Ta ce, "Ƙashi? Wa ya yanka ta?"

Na ce ai babu mai yankawa a lokacin.

Ta ce, "Mushe ke nan. Maigida, sallolina na kwanakin nan duk a kan mushe na yi su?"

Ta ƙi cin abinci ranar. Shekarun ne da kowa ke tambayar hukuncin komai, ita kuwa tun fil azal ba ta wasa da salla. Dole washegari na ɗauki abin na tafi wurin malamin unguwarmu, ƙanwata na biye da ni don ta kai wa Iya amsa ba tare da na gyara ta ba.

Malam ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa da zobensa. Ya ce, "Taimama da dutse ta inganta, da ƙashi kuwa a'a. Wannan ban san shi ba, kai ka karanta. Ƙashi ne ko dutse?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, a da ƙashi ne. Ruwan ƙasa ne ya riƙa shiga cikinsa da ma'adinai, suna maye gurbinsa kaɗan-kaɗan, har siffar ta rage amma kayan cikin suka zama na dutse."

Ya ce, "Idan aka sa shi a wuta zai ƙone?"

Na ce a'a.

"Kare zai ɗauka?"

Na ce ko kallonsa ba zai yi ba.

Ya ce, "To a gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, sallarta ta yi."

Na dawo ina jin na fitar da kaina kunya. Iya ta saurari ƙanwata, ta yi hamdala, ta ci tuwonta. Amma bayan kwana biyu na lura duk sallar da ta idar sai ta sake tayar da wata, da sabon dutsen da aka ɗauko mata a bakin rafi. Ramuwa take yi, ga ciwon gwiwa.

Na ce, "Haba Iya, ba ki ji abin da Malam ya ce ba?"

Ta ce, "Na ji, kuma na yarda da Malam. Kai ne ban yarda da kai ba. Rannan ka ce mini ƙashi, ka je gabansa ka ce dutse. A kan maganarka ya yi hukunci."

Ta rama su duka, ba ta bar ko ɗaya ba. Da aka koma makaranta na mayar da abin, a rubutuna kuma na kira shi ƙashi daga farko har ƙarshe, aka ba ni maki mai kyau.

Iya ta rasu da daɗewa. Yanzu ni ke koyar da wannan darasi, kuma kusan kowace shekara sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai ƙashi ne ko dutse?" Amsar tana nan a littafi, ba ta da wuya. Duk da haka nakan ɗan yi jim kafin in buɗe baki, don na taɓa ganin tsohuwa mai ciwon gwiwa tana biyan kuɗin saurin bakina da ruku'u.