Ranar da Baba Ya Tsaya Ya Dubi Zanen Yaya Haruna

Bana shekara tara ke nan da aka fitar da Yaya Haruna daga gidanmu na Limancin Kona, a birnin Zazzau, aka kai shi makwancinsa. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma aikin jinya na yi a wani ƙaramin asibitin unguwa har na yi ritaya. Rubutu a jarida ba sana'ata ba ce. Abin da ya tunzura ni shi ne wani ƙaton allo da na gani a wajen Ƙofar Doka makon jiya, mai kira ga iyaye mata su riƙa kai yara awo. An buga shi fes a kan leda, launinsa har ɗaukar ido yake, amma matar da ke jiki ba ta yi kama da kowa a birnin nan ba. Gashi a sake har kafaɗa, ga jariri a cikin keken turawa. Na ce a raina, da Yaya yana nan da sai ya tare wata tsohuwa a bakin hanya ya tambaye ta abin da ta gani.

Haka yake aikinsa tun asali. Mai zane ne, irin masu zana allunan shaguna da na makarantu, amma abin da ya fi ba shi daɗi shi ne takardun faɗakarwa da ake mannawa a bango: na tsabtace rijiya, na yashe kwata kafin damina, na roƙon mutane su daina haƙar ƙasar ganuwa don yin tubali. In ya gama zane ba ya sa masa rubutu tukuna. Sai ya ɗauka ya kai wa tsofaffin matan unguwa waɗanda ba su yi boko ba, ya durƙusa ya ce, "Iya, me kika gani a nan?" In ta faɗi abin da yake nufi, shi ke nan. In ta ce ta ga tukunya alhali shi rijiya ya zana, ba ya gardama, yaga takardar yake yi ya sake. Na sha yi masa tsiya cewa tsofaffin Kona ne shugabanninsa a wurin aiki, shi kuwa sai ya ce ai ya yi sa'ar shugabanni, don ba su san kara ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kai wa zane ba, shi ne mahaifinmu. Baba malami ne, a kan buzunsa muka tashi muka gan shi, kuma a kansa ya tsufa. Gidanmu gidan karatu ne tun kaka da kakanni, kuma Yaya ne ɗan fari, wanda kowa ya ɗauka shi zai gaji zauren. Sai ga shi ya ɗauki burushi da fenti, ya tafi Wusasa wurin wani malamin makaranta Kirista mai suna Malam Bulus ya koyi buga zane a kan takarda, har ya kai ga zana surar mutane. Baba bai tsine masa ba, bai kore shi ba. Shiru kawai ya yi masa a kan wannan sana'a, shirun da ya ɗauki shekaru. In an zo zancen aikin 'ya'yansa, zai ambaci nawa, ya ambaci na ƙanenmu da ke koyarwa, sai ya tsallake na Yaya kamar babu shi. In hanya ta bi da shi ta gaban shagon Yaya, sai ya dubi ƙasa har ya wuce. Yaya mutum ne mai raha, amma wannan abin yana cinsa, kuma na sani, domin ni yake gaya wa.

Sai ga wata damina da amai da gudawa ya shigo birni. Ba na son tuna yadda asibitinmu ya koma. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yawancin yaran da ake kawo mana sun riga sun bushe tun a gida, alhali da an ɗura musu ruwan gishiri da sukari tun farko da da yawansu sun tashi. Matan da ya kamata su ji wannan bayani suna cikin gidaje, mu kuma ba mu da ƙafar bin kowane gida. Na je shagon Yaya a fusace, kamar shi ya kawo cutar, na ce ya zana mini abin da uwa za ta duba sau ɗaya ta gane.

Kwana biyu ya yi a kai. Ya zana mace irin tamu, da ɗankwali da zane, zaune a kan tabarma, yaro a cinyarta, tana ba shi ruwan da cokali, ga kofi da gishiri da sukari a gefe. Tsofaffinsa suka duba suka gane nan take. Amma bugawa wani aiki ne daban. Ana kwafe zanen a kan leda mai haske, a ɗora a kan wani ƙyalle da aka ɗaure a jikin firam na katako, sannan a riƙa jan tawada a kai tana sauka a takarda. Hoton da firam ɗinsa, rubutun da nasa. Ni ce na tsaya masa a ka ina cewa ya yi sauri, kuma a cikin saurin nan ya ɗora ledar hoton a baibai. Rubutu ya fito daidai, hoto ya fito tsaf, ba wanda ya lura da komai. Muka shanya takardun a kan igiya, suka bushe, muka bi bangon unguwa muka manna. Takardar da yake da ita duka muka cinye.

Washegari da hantsi ina gida na zo gaida Inna, Yaya ma yana nan, sai aka ce Baba yana kiran Yaya a zaure. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Baba ba ya kiran sunan Yaya, saboda alkunyar ɗan fari. Ya ɗago ya ce, "Kai, wannan takarda da aka manna a jikin katangar masallaci, aikinka ne?"

Yaya ya durƙusa ya ce, "Nawa ne, Allah ya gafarta Malam." Ni kuwa na riga na shirya bakina, don na ɗauka cewa za a yi a je a ciccire.

Baba ya ce, "Wace uwa ce ka taɓa gani tana ba ɗanta abin sha da hannun hagu? Matan unguwar nan za su ce wannan ba ta da tarbiyya, ba kuwa za su yi koyi da ita ba. Na tsaya na duba da kyau, cokalin a hagunta yake."

Wallahi kunya ta kama ni har tafin ƙafa, domin laifin rabinsa nawa ne. Yaya ya ce a yi haƙuri, kuskuren bugu ne, zai gyara, sai dai takarda ta ƙare kuma samunta zai ɗauki kwanaki. Baba ya tashi ya shiga ɗakin littattafansa, ya fito da ɗauri biyu na farar takardar nan mai kauri da yake ajiyewa don kwafar littattafai, wadda ko taɓa ta ba a barinmu mu yi muna yara. Ya ajiye a gaban Yaya ya ce, "Wannan ƙarama ce, sai ka rage girman zanen. Ya ma fi, don ta bango maza ne ke ganinta. Wannan za ta shiga cikin gida."

Da muka fito soro na biyu, na fara ba Yaya haƙuri. Sai na ga yana dariya hawaye na zuba. Ya ce, "Ladi, ba ki ji abin da ya ce ba? Cewa ya yi ya tsaya ya duba." Ni ma sai kuka ya ƙwace mini, muka tsaya nan kamar wasu sakarkaru, manya da mu.

Ya sake zanen ƙarami, cokali a hannun dama, ya buga a kan takardar Baba. Ni ba malama ba ce, ba zan shiga hukuncin zanen sura ba, kuma Baba bai taɓa yi mana bayanin yadda ya warware wannan a zuciyarsa ba. Abin da idona ya gani shi ne, bayan sallar Juma'a ya zuba takardun a aljihun babbar rigarsa, ya bi zaurukan abokansa malamai ɗaya bayan ɗaya, daga Kona har wajen Ƙofar Gayan, yana ba kowane maigida ya shigar wa iyalinsa. Takardar da ta fito daga hannun Baba ba wanda zai bar ta a zaure. Ba zan ce ita ta kori cutar ba, Allah ne ya ɗauke ta. Amma bayan haka na fara ganin mata suna zuwa asibiti da yaro a goye da kofi a hannu, sun riga sun fara ba shi tun daga gida, kuma irin waɗannan yaran su ne muka fi sallama da ƙafafunsu.

Mutane kan ɗauka da Yaya ya ga zamanin nan da ya yi ta ƙorafi. Ni ban yarda ba. Mutumin da ya sha warin tawada har ta taɓa masa ƙirji, a ce masa yau ana zane a kwamfuta, a gyara kuskure da taɓa maɓalli ɗaya, a tura wa mata dubu ta waya kafin shayi ya huce? Ai da shi zai riga kowa koya, ya dame mu da nuni. Abin da zai ɓata masa rai shi ne ganin yaranmu masu basira suna ɗauko hoton wasu mutanen daga intanet su liƙa, don ya fi sauƙi a kan a fita a dubi yadda matar Zazzau ke goya ɗanta. Ina roƙonsu, tun da kayan aiki sun sauƙaƙa, su kashe lokacin da ya rage musu wajen duban mutanen da suke yi wa zanen.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Yaya Haruna, ba ni da abin nunawa da yawa. Shagonsa ya zama wurin cajin waya. Gara ta cinye firam-firam ɗinsa, ruwan sama ya wanke abin da ya manna a bango, kuma bai taɓa sa sunansa a ƙasan zane ba, don ya ce ba shi ake so a gani ba. Akwai magidanta a birnin nan, da gemunsu da 'ya'yansu, waɗanda uwayensu suka ɗura musu ruwan nan suna jarirai, ba su san sunansa ba, kuma ba komai. Ina alfahari da shi, ina faɗa da babbar murya, don shi bai iya faɗa wa kansa ba.

Baba har ya rasu bai taɓa ce masa aikinka ya yi kyau ba, ba halinsa ba ne. Amma a cikin jinyar Yaya ta ƙarshe ya ba ni wani labari da ya ɓoye shekara da shekaru. Ya ce a ranar rabon takardun nan, wani dattijo ya juya takardar a hannunsa, ya tambayi Baba daga wace ma'aikata aka kawo ta. Dattijon da kansa ya zo shago daga baya ya gaya wa Yaya amsar. Yaya ya riƙe hannuna yana maimaita mini ita, fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Allah ya jiƙansu su biyun, ya haɗa su a inda babu sauran shiru a tsakaninsu. Abin da Baba ya ce shi ne, "Ba daga ma'aikata ba ne. Aikin gidanmu ne."