Murhun Inna a Gidan Bene

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Gwaram, ni da Inna da kawunmu da ya ja mu a motarsa. Ƙanwata ce ta haihu a Kano, haihuwar fari, mijinta kuma ya roƙa a bar ta a ɗakinta, Inna ta je ta yi mata wankan jego a can. Inna ta yarda, amma da sharaɗi: in wankan bai yiwu yadda aka yi mata ba, za ta naɗo 'yarta da jariri su dawo gida sai an yi arba'in.

Kayan da muka ɗora kuwa sai da motar ta durƙusa: itacen marke daga Farin Dutse, ƙatuwar tukunya, ganyen darbejiya, gero, kanwa, ga daddawa da kuka. Na ce, "Inna, a Kano ma ana sayar da itace." Ta ce itacen Kano ba ya riƙe wuta. Na ƙyale ta, don ni ba ni da ƙarfin musu da sassafe.

A Birnin Kudu muka sha koko da ƙosai mai zafi, Kawu ya sha mai yana tsaki kan tsadarsa. Damina ta yi kyau bana, dawa ta fid da kai dama da hagu har Wudil, inda muka sayi soyayyen kifi a bakin gada. Daga nan sai cunkoson Kano, masu adaidaita na kutse kamar hanyar ta ubansu ce.

Rukunin gidajen da ƙanwata take ya ba ni mamaki. Benaye ne jere reras, fenti iri ɗaya, masallaci a tsakiya, ga shaguna, ga tankunan ruwa, ga yara ko'ina. Wata ƙungiyar gama kai ta ma'aikata ce ta gina su. Kowa da sashensa, amma tsakar gida da rijiyar burtsatse da mai gadi na kowa da kowa ne, kuma ko bishiya ba a sarewa sai an zauna an yarda. Inna ta ce a kai ta ta gaida mai gidan. Surukinta, yana durƙushe, ya ce, "Inna, ai nan kowa mai gida ne." Ta ce, "To, aiki ya same ni."

Wallahi da gaske take. Bayan mun ga jariri, mun sha kukan murna, sai ta ƙulla daddawa da kuka a leda, ta ce in riƙe mata kwano. Muka bi benen ƙofa ƙofa muna sallama. Wasu sai sun leƙo ta 'yar kafa kafin su buɗe. Ashe akwai waɗanda ƙofarsu ke kallon juna shekara da shekaru, gaisuwa kawai ke haɗa su a matakala. Inna kuwa sai ta tambayi garin kowa da sunan 'ya'yansa. Gwiwoyina suka gaji, nata ko gezau.

Washegari da safe ina barci na ji ihu. Inna ta jera duwatsu uku a baranda, a hawa na uku, ta hura wuta ta ɗora tukunya! Hayaƙi ya turnuƙe, mai gadi ya hauro da bokiti yana salati. Matar da ke samanmu, da tsohon cikinta, ta sauko riƙe da fararen zannuwan da ta shanya, duk sun koma kalar toka. Ranta a ɓace ta ce, "Haba Inna, nan fa ba ƙauye ba ne!" Na ji kunya kamar in nutse. Inna ta karɓe zannuwan ta wanke su tas, ta kai mata da kanta.

Daga nan shugaban kwamitin gidajen ya aiko cewa doka ta hana hura itace. Surukin ya kawo shawarar gas, Inna ta ce ruwan gas ba ya ratsa ƙashi, ta fara haɗa kayan jariri. Ƙanwata ta kama hannuna tana hawaye, ta ce, "Yaya, ki yi wani abu. Ina son wankan Inna, amma ba na son barin ɗakina." Sai mijinta ya roƙa a sa maganar a taron da suke yi ranar Asabar.

Kafin Asabar na ɗanɗana zaman bene. In wuta ta dawo, gaba ɗaya rukunin ke ɗaukar shewa, injinan markaɗe su tashi lokaci guda. In ka hau matakala da rana, a kowane hawa ƙamshin miya daban. Wanda ya bar famfo a buɗe kuwa, kafin ya sauko an gama da shi a zauren hirarsu na waya.

A rumfar gefen masallaci aka yi taron, bayan la'asar. Shugaba, wani Alhaji mai furfura, ya yi bayanin haɗarin gobara, kuma gaskiya ya faɗa. Sai mata suka fara magana, duk waɗanda suka ci daddawar Inna. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ba ta ƙi ba, in dai za a sirka ruwan kada ya yi zafi da yawa, a kuma rage kanwa a kunu. Inna ta ɗan ɓata fuska, sannan ta ce ta ji. Can sai matar samanmu ta miƙe. Ta ce, "Ni hayaƙin ya fi shafa, kuma ni nake roƙo a bar ta. Mahaifiyata ta rasu bara. Tun da na ga tukunyar nan nake tunanin wa zai dafa min nawa." Inna ta ce, "Zauna, 'yata, kada ki gaji. Ni zan dafa."

Aka ɗaga hannu, aka ba Inna fili bayan tankunan ruwa, nesa da gini, da sharaɗin bokitin yashi a kusa. Da gari ya waye matasa suna hawa da ruwan zafi, mata sun kewaye murhu da kofunan kunu. Shugaba da kansa ya aiko da jug a zuba kunu, wai na uwargida ne.

Ni da Kawu muka juyo bayan suna, mota shafal ba nauyi. Abin da na koyo shi ne, a irin gidajen nan komai an haɗa, ruwa da wuta da mai gadi, mutanen ne kawai ke jiran wanda zai fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Mun iso Gwaram da yamma, Baba na zaune a ƙofar gida. Ya ce, "Yaushe uwar taku za ta dawo?" Na ce, "Baba, arba'in ɗin fa ya zama biyu," na kwashe labari na faɗa masa. Sai ya juya wurin Kawu ya ce, "Gobe ka je Farin Dutse. Wancan itacen ba zai ishi 'ya'ya biyu ba."